Kawuna, Likitan da Ya Koma Aji da Furfura

Ranar Talata Allah Ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, aka sallace shi bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Jega. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu taru. Ni ina cikin gida tare da mata, ban ga sahu ba, amma maigidana ya ce mini jama'a sun kai har bakin titi, direbobin tasha ma sun ajiye motocinsu a gefen hanya sun shigo cikin sallar.

Kwana uku ana zaman makoki, kowa da abin da ya zo da shi a bakinsa. Wani tsohon mahauci daga kasuwa ya ƙi tsayawa a waje inda maza suke, ya ce sai an yi masa iso ya gaisa da Hajiya, matar Kawu. Ya durƙusa a bakin zaure, ya ce shekara da shekaru Likita yana hana shi kitse da gishiri saboda hawan jini, har rumfarsa yakan biyo ya leƙa kwanonsa ya ga abin da yake ci. Sannan ya ce, "Yau wa ka hana ni?" Sai ya rufe fuska da hannun riga. Mata suka zo daga Katanga da Birnin Malam da ƙullin shinkafa a ka. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce ita sai da ta yi zuwa uku asibiti kafin ta san shi ne babban likita, don ba ta taɓa ganin babba ya jawo benci ya zauna kusa da mara lafiya yana tambayarta damina ba. Likitoci kuwa kiransu ta waya bai yanke ba, daga garuruwan da ni ko zuwa ban taɓa yi ba. Wani ya kwana biyu a hanya, ya zo ya zauna a tabarma, ya yi addu'a ya koma.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba sai rana ta uku. Muna zaune ana rabon gumba ta juyo ta ce mini yanzu babu sauran mai kiranta da sunan ƙuruciya a duniya. Daga nan hawaye suka zo mata.

Duk wanda ya yi magana, kirkinsa ya faɗa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma akwai abin da nake tsoron a manta, domin waɗanda suka gan shi da ido ba su da yawa, kuma ni ina da hannu a ciki. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu ya fara aiki a Maiyama yana saurayi, shi kaɗai ne likita a wurin. Shi ne na yara, shi ne na masu ciki, shi ne na wanda maciji ya sara, shi ne na tsohon da fitsari ya ƙi fita. Daga baya ya je ya ƙware a fannin da ake kira likitancin iyali, wato likitan da ke duba kowa a gida, daga jariri har kaka, ya kuma san lokacin da ya kamata ya miƙa mara lafiya gaba. Da ya gama aka yi ta jan sa zuwa birni, ya ƙi. Ya dawo Jega ya zauna. Saboda haka sai babban asibitin koyarwa na birni ya riƙa turo masa likitocin da ke neman ƙwarewa a wannan fanni, su yi watanni a ƙarƙashinsa su ga yadda aiki yake a inda babu manyan na'urori. Kowa Malam yake ce masa, har ma'aikatan jinya.

Yana da tambayar da duk wanda ya zauna da shi ya haddace. Idan ka gama zayyana masa ciwo da gwaji da magani, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, wa ke dafa abinci a gidansu? Sabon zuwa yakan ɗauka wasa ne. Akwai wata mai ciwon suga da ta dawo sau uku ba sauƙi, likitan da ke dubanta yana ta ƙara mata ƙwayoyi. Kawu ya zauna da ita, cikin hira ya gano mijinta direba ne, shi ke riƙe da maganin a aljihun mota don kada yara su taɓa, in ya yi tafiyar kwana huɗu maganin ma ya yi tafiyar kwana huɗu. Bai yi wa likitan faɗa ba. Ya dai ce masa mara lafiya ba shi kaɗai yake shigowa ɗakin likita ba, gidansu duka yake ɗaukowa, in ba ka ga gidan ba rabin mutum ka duba.

Kowane rukuni da aka turo masa sai ya zuba su a tsohuwar fijo ɗinsa ya kai su Aliero wurin masu ɗori. Wasu sukan ɓata rai, suna ganin an ƙasƙantar da karatunsu. Shi kuwa sai ya cire takalmi ya zauna a tabarma gaban wani dattijo mai ɗori da suka daɗe suna abota, ya sa su kalli yadda hannun mutumin ke bin ƙashi, da yadda yake lallashin mai karaya har ya saki jiki. In an gama sai shi ma ya ɗauko nasa, ya tuna wa dattijon cewa karayar da ta fasa fata, ko yatsun da suka yi sanyi suka canja launi, ba na ɗauri ba ne, a turo masa da wuri. A hanyar dawowa, mota cike da warin albasar da aka ba shi, yakan ce mana mutanenmu za su je wurin mai ɗori ko mun so ko mun ƙi, gara ya zama abokinmu ya turo mana ƙafa tun tana da rai.

Ni ma haka aka turo ni, bayan na yi shekara biyu ina horo a birni. Ranar da na fara, ya kira ni ofishinsa ya ce a gida ni ɗiyarsa ce, a nan kuwa babu Kawu, akwai Malam. Na ce na ji. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawar shiga jami'a, shi ya lallashi mahaifina ya bar ni na yi karatun likita, don haka babu mutumin da nake jin nauyinsa kamarsa.

Wata na uku da zuwa aka kawo wata mata daga Fagada da hantsi, cikin fari, ya kusa watansa, tana jijjiga. Wannan ciwo ne da ke kama masu ciki idan jininsu ya hau, jiki ya riƙa karkarwa kamar farfaɗiya, yana iya tafiya da uwa da ɗa. Kawu ya ce a yi mata allurar sa barci, wadda ya yi shekaru talatin yana amfani da ita. A birni kuwa an riga an bar ta, an koma wata allura da ta fi tsayar da jijjigar, kuma ba ta sa jariri ya fito a galabaice. Akwai ma kwalinta a sitonmu, an kawo tun bara ba a buɗe ba. Na matsa kusa da shi na faɗa masa a hankali. Ya ce ya san da ita, amma allura ce mai haɗari, in ta yi yawa tana tsayar da numfashi, kuma ba mu da isassun hannayen da za su tsaya a kan mara lafiya. Ya ce in yi abin da ya ce. Na yi. Da hannuna na yi mata.

Jijjigar ta dawo mata sau biyu kafin ta haihu. Uwar ta rayu. Yaron ya fito jiki sake, kukansa kamar na ɗan mage, muka yi ta fama da shi, bai kai magariba ba. Har yau babu wanda zai iya rantsewa cewa allurar ce ta yi sanadi. Allah ne Masani. Amma na kasa cire abin daga raina.

Kowace Alhamis muna da zama a wani ɗan ɗaki kusa da sito, inda likita ɗaya zai kawo labarin mara lafiyar da ya duba a tattauna. Makon nan ni ce da bayani. Na zo da takardun da na kwafo na sabon tsari, na karanta labarin matar daga farko har ƙarshe. Da na tsaya a nan da ya isa. Amma zuciya ta ɗebe ni, a gaban likitoci biyar da ungozomomi, na ce, "Malam, abin da muka yi mata an daina shi. Littafin da kake koyar da mu da shi ya girme ni."

Kawu ya cire tabarau ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Da hannun ga na karɓe ki ranar da anka haife ki." Ya tashi ya fita, ya bar shayinsa a kan tebur.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta zo har ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ba ta tambaye ni wa ke da gaskiya ba. Ta ce ko da gaskiyar duniya a hannuna, gidansa yana da zaure, yana da ɗaki, me ya sa sai a gaban yaransa? Ta ce mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa, shi na tsirara a kasuwa. Na yi kuka, na ce mata jariri ne ya mutu. Ta ce ta sani, ita ma ta binne biyu, amma wannan bai sa ta zagi yayanta ba.

Washegari na je gidansa na durƙusa. Na ce ya yafe mini yadda na yi magana. Ban ce na janye maganar ba, shi ma ya lura ban ce ba. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ya ci gaba da jan carbinsa. Hajiya ta zubo mini tuwo, na kasa ci.

Haka muka yi kusan wata biyu. A asibiti in yana da saƙo gare ni sai ya ba wata nas ta faɗa mini, ko da ina tsaye a gabansa. Zaman Alhamis ya zama kamar zaman makoki, kowa ya karanta nasa a tashi. Na rubuta takardar neman a mayar da ni birni, na san hakan zai ja mini baya a horona, kuma zai zama magana a dangi har abada. Takardar ta yi mako biyu a jakata ban miƙa ba.

Abin da ban sani ba, sai daga baya Hajiya ta ba ni labari, shi ne tun ranar da abin ya faru ya aika aka ɗauko masa takardun da na bari a kan tebur. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna da su a tsakar gida, yana karantawa yana ja musu layi. Sannan ya sa aka fito masa da tsofaffin fayilolin ɗakin haihuwa, na matan da suka zo da jijjiga tun shekarun baya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a kwanakin nan furar da ba ya wuce ta da rana ma sai ta dawo da ita yadda ta kai. Wata rana ta tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce mata a'a, sunaye ne yake gani waɗanda ya san gidajensu.

Sai kawai muka ji ya ɗauki hutun mako biyu ya tafi birni, bai gaya wa kowa dalili ba. Kwana uku da tafiyarsa wata ƙawata da muka yi karatu tare ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce Kawunki fa yana nan cikin ajinmu. Kwas ne na sabunta ilimi da ake yi wa ƙananan likitoci da ungozomomi kan haɗurran ciki da haihuwa. Ya je ya rubuta sunansa kamar kowa. Mai koyar da su wata likita ce da shi ya horar da ita shekarun baya. Da ta gan shi ta rikice, ta sa a kawo masa kujera a gaba kusa da ita, ya ce a'a, shi ɗalibi ne, ya zauna a layi na uku da littafinsa da biro. Daga baya ƙawata ta ce ranar gwaji ya yi kuskure a lissafin allurar, malamar ta so ta kau da kai, shi da kansa ya ce bai ci ba, a sake masa. Ya sake washegari ya ci. Lokacin ya haura sittin, gemunsa fari fat.

Alhamis ɗin da ya dawo, ya riga kowa shiga ɗakin. Kwalin nan na sito yana kan tebur a buɗe. Bai zauna ba. Ya ce ya yi shekaru yana koya mana abin da zamaninsa ya wuce, tsoron da yake yi wa sabuwar allurar na rashin sani ne, domin akwai hanyoyi masu sauƙi na lura da mara lafiya waɗanda ko nas ɗaya za ta iya. Ya ce littafi ma tsufa yake yi, shi kuwa ya riƙe nasa kamar ba zai tsufa ba. Sannan ya koya mana abin da ya koyo, tun daga yadda ake auna allurar har yadda ake buga gwiwar mara lafiya a ga ko allurar ta yi yawa. A makonnin da suka biyo ya bi duk likitan da ya taɓa horarwa, wanda ke da waya ya kira shi, wanda ba ya samuwa ya rubuta masa, yana ce wa kowa abin da na koya maka a kan jijjiga ka bar shi, ga yadda ake yi yanzu.

Da aka tashi daga zaman ya ce in tsaya. Rabon da ya yi mini magana kai tsaye har na manta. Ya ce, "Ɗiyata, gaskiya gare ki, amma ba ki iya faɗinta ba. Ni na tafi na koyo magani. Ke kuma sai ki koyi magana, don wata rana ke za a faɗa ma." Na durƙusa a wurin ina kuka, ya ce in tashi kada a shigo a ce ya doke ni. Ranar na yaga takardar da ke jakata.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Ranar Asabar ya aiko in shirya zan raka shi unguwa. Sai da muka bar kwalta na gane Fagada muka nufa. Na ce masa Kawu, mutanen nan ba su zarge mu da komai ba, sun ma yi mana godiya. Ya ce shi ya sa.

Muka sami mijin matar mai jijjigar ya dawo daga fadama, ƙafafunsa duk laka. Ya rasa inda zai sa mu don murna, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya aika a kawo ruwa. Kawu ya ce a kira matar ta tsaya inda za ta ji. Ta zo ta tsaya a bayan asabari. Ya gaya musu dalla-dalla cewa ranar da aka kawo ta akwai maganin da ya fi wanda ya ba ta, yana nan a asibitin, shi ne bai yarda da shi ba saboda bai san shi sosai ba. Ya ce bai sani ba ko da an yi amfani da shi yaron zai rayu, amma ba zai iya ce musu ya yi iyakar abin da ake iya yi ba. Ya ce ya zo neman gafara. Mijin ya yi ta girgiza kai yana cewa haba Likita, kwana ne ya ƙare, wa ya isa ya ƙara wa wani numfashi. Har na ɗauka matar ta koma ciki. Can sai muka ji muryarta, siririya, ta ce, "Na yafe. Amma kada a sake yi ma wata."

Kawu ya ce in Allah Ya yarda. Bayan shekara biyu matar ta dawo awo tun cikinta yana ƙarami, kamar yadda ya roƙe ta, jininta ya so ya hau aka tare shi da wuri, ta haifi 'ya mace lafiya.

Daga wannan lokaci tsarin horon ya canja, kuma canjin daga kan malamai ya fara. Ya ce duk wanda zai koyar a wurinsa sai shi ma ya riƙa komawa aji duk shekara, shi ne na farko. Alhamis ɗin ƙarshen wata ya mayar da ita ranar da ƙananan likitoci ke koyar da manya abin da suka karanto sabo, wani lokaci ungozoma ce ke tsayawa a gaba mu duka muna rubutu. Ya kafa doka cewa in za a tattauna kuskure, babba ne zai fara kawo nasa. Ba kowa ya so ba. Wani abokin aikinsa, sa'ansa, ya ce shi ba zai zauna yaran da aka haifa jiya su yi masa darasi ba, ya daina zuwa, har suka yi shekara gaisuwarsu sama-sama. Kawu bai fasa ba. Ya yi ta zarya birni yana damun shugabannin horon da maganar cewa ana jarraba ɗalibi kullum amma ba mai tambayar yaushe rabon malaminsa da karatu. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka saurara.

Ya kuma ɗauki zaman Alhamis ɗin ya riƙa kai shi Maiyama da Aliero wata-wata, saboda likitocin da ke can su ɗaya ko biyu. Ya ce mini shi ba lalaci ne ya tsufar da iliminsa ba, kaɗaici ne, shekaru yana aiki babu wanda zai ce masa an canja. Ba ya son hakan ta sami wani.

Da aka kawo mana na'urar hoton ciki ya kusa saba'in, ya sa wani ɗalibinsa ya koya masa, yana kiransa Malam a gaban marasa lafiya har saurayin ya riƙa jin kunya. Da karatu ya koma ta waya, sai ka gan shi da rana tsaye ƙarƙashin dalbejiyar bakin ƙofar asibiti, inda sabis ya fi ƙarfi, ya ɗaga waya sama yana sauraron darasi, masu acaɓa suna tsokanarsa wai Malam ana hira da amarya. Yakan ce musu eh, kuma kullum sabuwa take.

Da na gama horona na dawo Jega da aiki, da ya yi ritaya kuma aikin ya dawo hannuna. Abin da ya faɗa kuwa ya tabbata, an faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Ranar farko da wata ƙaramar likita ta gyara mini magana a gaban mutane, na ji zafin har cikin ƙashina, na je na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce to yanzu na zama malama.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, in zai kwanta sai an tara masa matasan kai. Ya san abin da ke tafe fiye da kowa, ya kuma ƙi a kai shi birni ya ƙare a hannun baƙi. A Alhamis ɗinsa ta ƙarshe ya ce in kawo masa ɗaliban gida. Na ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce zuciya irin tasa ba kullum ake samunta ba, asara ce a binne ta ba su saurara ba. Suka zo su huɗu, suka zauna a ƙasa. Ya buɗe rigarsa, kowa ya sa abin sauraron ƙirji ya ji, yana kama hannunsu yana gyara musu wurin. Uku suka ce sun ji ƙarar da ake nema. Na huɗun, wanda bai fi wata ɗaya da zuwa ba, ya daɗe yana saurare, gumi yana keto masa, sannan ya ce shi gaskiya bai ji ba. Kawu ya lumshe ido yana murmushi, ya ce mini in riƙe wannan da kyau, zai yi likita. Ya sa shi ya sake, ya juya ta gefen hagu duk da wahalar da juyin ke ba shi, har sai da saurayin ya ji.

Ranar Talata da hantsi Hajiya ta kira ni ta ce in zo. Na same shi a jingine, Inna tana gefensa tana riƙe da ƙafarsa, Hajiya tana shafa masa ruwa a leɓe. Ya gane ni. Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun da ƙyar muka ji. Ana kiran azahar numfashin ya yi tsawo, ya sake yin wani, daga nan bai ƙara ba.

Ni ce likita a ɗakin, don haka ni suka duba. Na ciro abin sauraron daga jakata na ɗora a ƙirjinsa. Na yi wannan aiki ga mutanen da ban san adadinsu ba, na san tsawon lokacin da ake ɗauka. Lokacin ya wuce ban ɗaga ba. Na matsar da shi ƙasa kaɗan, na koma gefen hagu, na sake dawowa. Ina jin kiran salla daga masallacin unguwa, ina jin jinina a kunnena, ban da su babu komai. Ban san iya daɗewar da na yi a haka ba, sai na ji hannun Hajiya a kan nawa. Ta zare abin daga kunnena a hankali, ta ce, "Ya isa, ɗiyata. Zo ki zauna ki yi kukan Kawunki."

Allah Ka gafarta masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Ka karɓi tubansa kamar yadda bayinKa suka karɓi uzurinsa. Ka sa ilimin da ya nema da furfura, ya kuma bayar har ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ya riƙa isa gare shi a kabarinsa. Mu da muka rage, Ka ba mu cikawa da imani.